Yadda za ki rage tarkace a ɗakin haya a Legas, ki kuma tsare ƙofar da yake shigowa

Duk wadda ke zaman haya a Agege, Idi-Araba, Obalende ko Alaba Rago ta san cewa a garin nan wuri kuɗi ne. Haya ta shekara ake biya dunƙule, ga kuɗin ejan, ga na yarjejeniya. Duk taku ɗaya na daɓen ɗakinki maigida ya yi masa gumi. To idan kusan rabin ɗakin jakunkunan Ghana-must-go ne da kwalaye da ba a buɗe su ba tun ranar tarewa, kayan nan ake biya wa haya, ku kuma kuna raɓe a gefe.

Ga kuma abin da ya bambanta Legas da gida. A Kano ko Katsina sai ki ajiye atamfa a akwati shekara da shekaru, ki ɗauko ta ƙura kawai za ki kakkaɓe. A nan iska jiƙe take. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ba ya ɗagawa sosai, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba. Abin da aka rufe aka manta da shi funfuna ce za ta ci shi: takalmin fata ya yi fari-fari, ƙarfe ya yi tsatsa, kwali ya ruɓe ya zama gidan kyankyasai. Wannan warin da ke tarar mutum idan ya buɗe ƙofa, shi yara ke shaƙa dukan dare, mai asma kuma ya fi kowa shan wahala. Shi ya sa nake ɗaukar rage kaya a matsayin kula da lafiya, ban ɗauke shi gayu ba.

Kafin ki taɓa komai

Zaɓi ranar da akwai rana, domin za ki shanya kaya da yawa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Maris, kafin damina ta kankama. Ki tanadi buhuna ko manyan ledoji huɗu: na abin da za ki riƙe, na sayarwa, na kyauta, na zubarwa. Ki ɗaura ƙyalle a hanci. Kada ki ce yau za ki birkice gidan gaba ɗaya, domin azahar na yi za ki gaji, yara su dawo makaranta, ki mayar da komai yadda yake. Wuri ɗaya a rana: yau ƙarƙashin gado, gobe saman sif, jibi kicin.

Abu na biyu, ki ware abin da ba naki ba tun farko. Kayan maigida ba a taɓa su sai da saninsa, ko da a idonki tsummokara ne. Kayan mamaci da ba a raba gado ba haƙƙin magada ne, ba a bayar da su sadaka da ka. Sai kuma ajiya, wadda ita ce babbar matsalar gidajenmu a nan. Ɗan'uwa ya zo ci-rani, zai koma gida noma, ya bar jaka ya ce bayan Sallah zai dawo, Sallah uku ta wuce. Amana ce, ba za ki zubar ba, amma kina da ikon kiran sa. Ki ce masa: "Ƙanena, jakarka tana nan lafiya, sai dai danshi ya fara kama ta. Ko dai ka faɗa mini wanda zan ba, ko in sa a mota a kawo maka kafin ruwa ya sauka." Yawanci za ki ji ya ce a buɗe a bayar da abin da ke ciki, don shi kansa ya manta da shi.

Fara da abin da ba ya taɓa zuciya

Fara da jakar magani, saboda a nan ba a jayayya. Duba kwanan watan da ke jikin kowane kwali. Wanda ya wuce lokaci, waje. Wanda aka ciro daga kwalinsa ba ki san sunansa ba, waje. Maganin yara na gari da ake zuba wa ruwa a kaɗa, kwanaki kaɗan yake yi bayan an haɗa, galibi mako ɗaya, wani ya kai biyu. Ba a ajiye ragowarsa don zazzaɓi na gaba. Maganin ɗigawa a ido kuma idan ya yi wata guda da buɗewa an gama da shi. Kada ki ba maƙwabciya ragowar maganinki, kada kuma ki jefa shi a kwandon da yara ke wasa kusa da shi. Ki ƙulle shi a leda ki tambayi mai kemis ɗin unguwarku yadda za a yi da shi.

Daga nan sai kayan shafa. Man da ya canza launi ko ya tashi wari, hodar da ta daskare, jan-bakin da ya narke, duk ba su da sauran amfani. Akwai rukuni guda da zan roƙe ki ki fitar ko da sabo ne fil: mayukan bilicin da haɗe-haɗen da ake sayarwa a roba babu suna, babu lambar NAFDAC, babu bayanin abin da ke ciki. Da yawansu na ɗauke da sinadaran da ke siranta fata, su bar nankarwa da baƙin tabo a gaɓoɓi, wasu kuma akwai makuri a ciki, wanda ke lalata ƙoda. Haka kayan mata da ake tallarsu a waya ba a san wanda ya haɗa ba. Kuɗin da kika kashe sun riga sun tafi, kada jikinki ya bi su.

Takardu aikin minti kaɗan ne. Takardun haihuwa, katin rigakafin yara, takardar NIN, yarjejeniyar haya da rasit ɗinta, sakamakon makaranta: a haɗa su a jakar roba mai zif, a ɗora a sama inda ruwa ba zai kai ba ko da ambaliya ta shigo. Ki ɗauki hoton kowace da waya. Duk takardar da ke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, kamar tsofaffin littattafan Islamiyya da kalandu, a ware ta daban a kai wa malamin unguwa, ba a haɗa ta da shara.

Tufafi

A nan aikin yake. Fito da komai ki zube a kan tabarma, har wanda ke ƙasan akwati, domin sai kin ga tulin da idonki za ki yarda da yawansa. Ɗauki kowane ɗinki ki yi wa kanki tambaya biyu. Daga waccan Sallar zuwa wannan na sa shi? Idan yau aka gayyace ni suna zan sa shi in fita? Idan amsar duka a'a ce, ya tashi daga naki.

Za ki ji zuciya tana kawo uzuri. Wannan idan na rame zai shige ni. Wannan leshi ne mai tsada. Wannan ankon bikin ƙawata ne. Gaskiyar magana, rigar da kike jiran ramewa ki sa, kafin lokacin yayin ɗinkin ya wuce, danshi kuma ya riga ki. Mai tsadar ita ce ma ta fi cancanta ta fita yanzu tun tana da daraja: ki ba dillaliya ta sayar miki, ko ki kai wa tela ya buɗa ta ko ya mayar wa 'yarki. Zannuwan da suka koɗe su zama tsumman goge-goge, amma guda biyu ko uku sun isa, kada a sake buɗe musu sabuwar jaka.

Kayan lefen da ba a ɗinka ba, ki shanya su a inuwa mai iska, ki duba ninki-ninki ko funfuna ta fara. Ki zaɓi waɗanda za ki ɗinka a cikin shekarar nan, ki rubuta su: wannan na ƙaramar Sallah, wannan na babba. Kin ga kin huta da sayen sabo. Kayan yara kuwa ba a ajiye su domin jaririn da bai zo ba sai 'yan kaɗan masu kyau sosai, sauran akwai mai jego a layinku da take buƙatarsu yau.

Abin da za ki riƙe, ki tabbatar ya bushe ƙayau kafin ki ninke. Ki sa shi a akwatin roba mai murfi maimakon kwali, ki jefa kafur a ciki, a inda hannun yaro ba zai kai ba domin guba ne idan aka haɗiye. Ki janye sif da akwatuna daga jikin bango kamar faɗin tafin hannu, ki ɗora na ƙasa a kan katako ko bulo don iska ta ratsa. Inda funfuna ta kama bango, ki goge da ruwan bilic da aka sirka da ruwa, taga a buɗe. Kada ki taɓa haɗa bilic da maganin wanke masai, hayaƙin da suke fitarwa yana shaƙe numfashi.

Kayan jere

Na san nan ne ciwon yake. Kulolin nan da tangaran da setin tukwane, iyaye ne suka yi adashi suka saya, aka ɗoro a mota tun daga Arewa. Ba wanda zai ce ki raina su. Amma ki duba da kyau: jere an yi shi ne don ɗakin da ke da fili, ke kuwa ɗaki da falo gare ki, wataƙila ma kicin na haɗaka ne. Ki ƙirga bakin da ke ci a gidan, ki ƙara na baƙi kamar huɗu ko biyar. Wannan shi ne adadin faranti da kofin da kike buƙata. Tukunya uku ko huɗu, kula biyu ko uku. Ranar suna ko walima ana aro a wurin maƙwabta, ko a yi hayar manyan tukwane, kamar yadda kowa ke yi.

Sauran fa? Hanya mafi daɗi ita ce ki nemi ƙanwa ko 'yar dangi da ake shirin aurarwa. Ki kira mahaifiyarki ki ce: "Inna, kulolin nan da kuka yi mini suna nan sababbi, danshin Ikko zai ɓata su. Ina so in aiko a sa wa ƙanwata a kayan ɗakinta, idan kin amince." Da wuya uwa ta ƙi wannan, domin kin rage mata nauyi ne. Motocin da ke sauke kaya a kasuwar abinci ta Mile 12 suna komawa Arewa, a tashoshin Agege ma ana karɓar saƙo. Sai dai ki aika don a yi amfani da shi. Idan kawai za a tura shi ɗakin Inna a jibge, kin mayar da tarkacenki nata ne.

A kicin ɗin kuma ki rage robobin da aka tara: na man gyaɗa, na ayis-kirim, na abincin biki. Ki bar masu murfi masu kyau don zuba gishiri, kuka, kuɓewa busasshiya da daddawa, waɗanda a nan dole a rufe su ruf.

Abu ɗaya da ba ya jiran wata rana: jarkar fetur ba ta kwana a ɗaki, janareta kuma ba a kunna shi a baranda rufaffiya ko gindin taga. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari mai gargaɗi, tana kashe mutane cikin barci.

Fitar da kayan daga gida

Buhun da aka ɗaure aka ajiye bayan ƙofa bai fita ba. Ki ba kanki mako guda. Na kyauta, ki kai da hannunki ko ki ba limamin masallacin unguwa ko shugabar Islamiyyarku, sun san gidajen marayu da zawarawa. Ki wanke, ki ninke, ki bayar da abin da ke ma za ki ji daɗin karɓa. Yagagge ba sadaka ba ne.

Tsohuwar fanka, mataccen dutsen guga, tukunyar da ta huje, wayoyin lantarki: 'yan gwangwan za su saya, kuma yawancinsu 'yan gida ne, da Hausa za ku yi ciniki. A kilo suke auna ƙarfe, alminiyom da tagulla, kowanne da farashinsa, don haka ki ware su kafin su zo. Tsohuwar waya kada ki bayar sai kin cire layi da katin ajiya kin goge hotuna. Gorunan ruwa na roba masu kunun aya da zoɓo suna nema. Abin da ya rage shara ne, a ƙulle a ba motar kwasar shara da LAWMA, hukumar shara ta jihar, ta ba unguwarku. Kada a zuba a kwata da sunan ruwa zai tafi da shi. Ruwan ba ya tafiya da shi ko'ina, toshewa yake yi ya dawo ɗakunanmu. Saboda wannan toshewar ce gwamnatin jihar ta hana robar zuba abinci mai kama da soso a Janairun 2024.

Tsare ƙofa

Idan kika tsaya a nan, kafin shekara ta zagayo ɗakin ya sake cika. Sai kin gano ta ina kaya ke shigowa. A gidajenmu ƙofofin sanannu ne: waya, anko, kasuwa, da gosulo, wato cunkoson motoci.

Waya ta fi kowacce haɗari, domin kasuwa ce da ke bin ki har kan gado. Ki buɗe WhatsApp don gaida 'yar'uwa, sai ga mayafai da takalma a sitatus, ki shiga Instagram ko TikTok a nuna miki abin yanka albasa da ba ki taɓa sanin kina buƙata ba. Taransifa kuma ba ta da zafi kamar ƙirga takardun kuɗi. Ki rufe sitatus ɗin masu talla, ki fita daga guruf ɗin sayar da kaya, ki kashe sanarwar manhajojin sayayya. Abin da ya burge ki, ki rubuta sunansa da farashinsa a littafi ki bar shi ya kwana uku. Idan bayan nan har yanzu kina iya faɗin ranar da za ki yi amfani da shi da kuma wurin da za ki ajiye shi, ki saya. Mafi yawa ba za su kai kwana ukun ba. Manhajojin ba da bashi kuwa ki nisance su gaba ɗaya. Ruwan da suke ɗorawa haram ne kuma mai nauyi, wasunsu idan aka makara sai su bi lambobin da ke wayarki suna aika wa dangi da surukai saƙon tozarci.

Anko sai an yi ƙarfin hali. Ki yi lissafi da kanki: kuɗin yadi, kuɗin ɗinki, mayafi da ɗankwalin da za su shiga, sannan ki raba da sau nawa za ki sa. Atamfar da za ki sa sau talatin ta fi leshin da za ki sa sau ɗaya araha, ko da farashinsu ɗaya. Ki yanke wa kanki doka tun farkon shekara, misali na 'yan'uwa na jini kaɗai za ki yi. Ga sauran ki ce: "Anti, Allah ya sanya alheri. Wannan karon ba zan samu damar ankon ba, amma ina nan zuwa da gudummawata in sha Allah." Gudummawar ta fi amfanar amarya. Wadda za ta yi fushi don ba ki yi anko ba, za ta huce.

Kasuwa kuma ba a shiga da hannu sake. Balogun ba wurin zagayawa ba ne, ki rubuta abin da ya kai ki, ki riƙe kuɗinsa da na mota kawai. A Katangowa ko Yaba, arahar gwanjo ce ke jan mutum ya kwaso riga goma, shida ba su yi wa kowa ba. Ki auna yaranki da igiya ko tef kafin ki fita. A Computer Village ki gwada waya ko caja a gaban mai sayarwa, ki karɓi rasit. Sarin abinci a Mile 12 yana da riba, amma ki tuna wuta ba tabbas: kwandon tumatir ya fi kyau ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku raba, ki markaɗa naki ki tafasa ya ƙafe. Wake da gari kada ki sayi abin da zai wuce wata biyu, ƙwari da danshi za su raba da ke. A gosulo kuma, ruwa kaɗai. Duk abin da aka miƙo ta taga ba ki da lokacin duba shi, ba kuma wurin mayar da shi.

Dokar da ke riƙe duka ita ce idan sabo ya shigo, tsoho ya fita a ranar. Wannan ba rowa ba ce. A Suratul Furƙan, aya ta 67, Allah ya yabi bayinsa da cewa idan za su ciyar ba sa almubazzaranci, ba sa kuma ƙwauro, tsaka-tsaki suke bi.

Filin da kika samu, na jikinki ne

Kada ki yi saurin cike gurbin. Ki fara buɗe tagar da kaya suka tare, ki gyara ragarta. Ki ɗaura gidan sauro mai magani yadda zai sauka ko'ina a soke shi ƙarƙashin katifa, abin da tulin kaya a gefen gado ke hanawa. Ki fitar da katifa rana, ki duba ɗinkinta ko akwai kuɗin cizo. Ki ware kusurwa guda mai tsabta da darduma da Alƙur'ani, inda za ki zauna bayan asuba ko da minti goma ne kafin hayaniyar gida ta tashi.

Kayan gyaran jiki kaɗan sun wadatar a wannan zafin: sabulu mai laushi ko sabulun salo, man kaɗanya kaɗan bayan wanka, lalle, turaren wuta daidai misali da taga a buɗe. Tufafin auduga sun fi na roba, su ne maganin ƙurajen zafi. Kayan da aka shanya a waje lokacin damina, musamman na yara, a goge su da dutsen guga mai zafi, domin akwai ƙudan da ke saka ƙwai a jiƙaƙƙen tufafi, tsutsarsa ta shiga fata ta yi kamar maruru. Ki sha ruwa sosai. Da dare ki sa waya caji nesa da gado, barcinki zai ƙaru, sayayyar tsakar dare kuma ta ragu.

Kuɗin da kika samu daga dillaliya da 'yan gwangwan, da wanda kika fasa kashewa a anko, ki ware wani abu don lafiyarki. Ki je cibiyar lafiya ta matakin farko mafi kusa a auna miki hawan jini da sukari, domin hawan jini yana daɗewa bai nuna alama ba. Ki tambaye su yadda ake rajistar Ilera Eko, inshorar lafiya ta jihar, ke da yara. Idan zazzaɓi ya zo, a yi gwaji kafin a sha maganin maleriya.

Daga nan sai bita sau biyu a shekara: kafin azumi, lokacin da kyautar tufafi ta fi samun masu buƙata, da kuma cikin Maris kafin ruwan farko. A kowace bita ki fara da ƙarƙashin gado da saman sif, domin nan ne kaya ke fara taruwa, sannan ki sake duba jakar magani.